Lafiya Lau, Sai Dai

Har yau ban manta da ranar da Kyaftin Yohanna ya taso da jirgi daga arewa zai sauka a filin da ruwa ya raba biyu ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna jin ana cewa "sai dai me?" a ƙarshen kowace waya, kuna dariya. To ga inda maganar ta samo asali.

Sunana Sabo, mutumin Unguwar Ya ta ƙasar Birnin Kudu. Ban yi boko ba. Mota na sani. Na ja tifa, na ja tanka, daga nan na shiga wani kamfani mai karɓar aikin feshin tsuntsaye da jirgin sama. Ni ke jan motar da ke ɗaukar gangunan man jirgi da na magani.

Wanda bai san jan-baki ba bari in gaya masa. Ƙaramin tsuntsu ne, amma ba ya tafiya shi kaɗai. In garkensu ya taso sai ka ɗauka daji ne ke cin wuta. Su sauka a gonar gero da hantsi, kafin azahar zangarniya ta koma sanda. Da rana ba a iya musu. Sai an bari sun koma makwancinsu a ciyayin fadama daf da magariba, jirgi ya bi ta kansu ƙasa ƙasa ya zuba magani. Aikinmu ke nan.

Mu huɗu ne a tawagar. Malam Nasiru shi ne ofisan aiki, shi ke magana da hukuma da masu unguwanni, shi ke cewa a tashi ko a zauna. Kyaftin Yohanna matuƙin jirgi, Kirista ne daga ƙasar Filato, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Injiniya Bala shi ke kula da injin jirgi da zuba mai. Sai ni.

Filaye biyu muke aiki a kansu a wancan lokacin. Ɗaya can arewa wajen iyaka, muna ce masa Filin Yashi. Ɗaya nan kudu, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ta ɓangaren Kwandiko, muna ce masa Filin Burji. Wani kamfanin gina hanya ne ya share shi tun da daɗewa don ƙaramin jirginsu, suka tafi suka bar shi da tulin burji a gefe da mai gadi ɗaya. Kada ku kawo filin jirgin Kano a ranku. Babu kwalta, babu fitila, babu hasumiya. Doguwar shimfiɗar jar ƙasa ce kawai a tsakiyar gonaki, da jan ƙyalle a kan sanda mai nuna inda iska ta dosa.

A sama, tsakanin filayen nan biyu tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai. Kyaftin yakan ce shayin filas ɗinsa ba ya hucewa kafin ya iso. A ƙasa kuwa, da mota cike da ganguna, da damina, in na fito bayan sallar asuba sai wajen la'asar nake shiga. Jirgi miƙewa yake yi. Ni sai na bi inda gada take.

Saboda wannan bambancin aka kafa ƙa'ida: mota ce ke riga jirgi. Sai na isa, na hau filin da motar daga wannan kai zuwa wancan, Injiniya ya bi shi da ƙafa, sannan mu buga waya mu ce a taso. Dalili biyu ne. Na farko, in jirgi ya ɗaga babu mai iya kiransa ya dawo, don oba-obar da muke magana da shi ba ta kama shi sai ya zo kusa. Na biyu, duk man yana bayana. Abin da ke cikin jirgin shi ne wanda zai kawo shi da ɗan rara. A lokacin kuma ba a gina filin jirgin Dutse ba, wanda ya rasa Filin Burji sai dai ya nemi Kano.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna. Muna Filin Yashi aka aiko cewa jan-baki sun sauka a ƙasar Gwaram, sun fi ƙarfi a Zandam da Kwandiko. Muka loda ganguna da yamma. Da asuba ni da Injiniya Bala muka kama hanya, muka bar Malam Nasiru da Kyaftin suna jiran wayarmu.

Hanya ta yi muni. Mun yi zagaye saboda wata gada da ruwa ya haye, kuma yawancin tafiyar babu sabis. Sai da muka shigo Birnin Kudu wayata ta yi ƙara. Malam Nasiru ne.

"Sabo, kana ina? Tun azahar nake nemanka."

"Yanzu na shigo Birnin Kudu, yallaɓai. Babu sabis a hanya."

"To taka mota. Kyaftin ya tashi."

"Ya tashi zuwa ina?"

"Zuwa wurinku mana. Mutanen Zandam sun hana ni sakat, wani dattijo har kuka ya yi mini a waya. In muka jira ku yau ba za a yi feshi ba. Yana sauka ku ba shi mai da magani ya tafi."

"Wa ya taka fili?"

"Na kira Baba Isyaku mai gadi. Ya ce lafiya lau."

Na gaya wa Injiniya. Ya yi tsaki, ya ce ba a haka. Ni ma ban so ba. Amma maganar gaskiya hankalinmu bai tashi ba. Baba Isyaku dattijo ne, ya fi kowa daɗewa a filin nan, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. In ya ce lafiya, lafiya ce. Na taka mota dai.

Mun isa ana fitowa daga sallar la'asar. Daga nesa muna jin gwangwanaye da ihun masu korar tsuntsu a gonaki. Baba Isyaku ya taso daga rumfarsa da sandarsa, ya zo har bakin mota.

"Maraba da mutanen arewa. Sannunku da hanya. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Yaya gajiya? Yaya kuka baro su Kyaftin?"

"Kyaftin yana sama, Baba," in ji Injiniya. "Yaya fili?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ya gyara tsayuwa, ya dafa sandarsa. "Sai dai ruwan shekaranjiya ya ɗan taɓa tsakiya."

Ban kashe mota ba. Na ce Baba ya hau, muka bi filin. Daga bakin fili ba ka ganin komai, shimfiɗa ce sumul. Sai da muka kai tsakiya na taka burki. Akwai wani tsohon kwalbati a ƙarƙashin filin da ruwan gonaki ke bi. Ya toshe, ruwa ya hau sama ya yanka filin daga gefe zuwa gefe. Zurfin ramin ya kai ƙugun mutum. Faɗinsa, saurayi mai ƙarfi ba zai tsallake ba.

Injiniya ya sauka ya tsaya a bakin ramin. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya ce, "Ko wane rabi ka ɗauka bai ishe shi tsayawa ba. In ya taɓa ƙasa a can, da gudu zai iso nan."

Ya juya kan tsohon. "Baba! Wannan ne ka ce wa ofisa lafiya lau?"

Baba Isyaku bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, gaishe ni ya yi, na amsa. Ya ce Baba ina wuni, na ce lafiya lau. Ya ce yaya iyali, na ce lafiya lau. Ya ce yaya fili, na ce lafiya lau. Na buɗe baki zan ce sai dai, ya ce madalla, ya kashe. Ni zan fara wa mutum da mugun labari tun bai gama gaisuwa ba?"

"Me ya hana ka kira shi?"

"Da wane kati? Filashin na yi ta yi masa har batir ya mutu."

Na buga wa Malam Nasiru. Na gaya masa abin da ke gabana. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ga filashin ɗin, Sabo. Na ɗauka gaisuwa zai ƙara."

"Tun yaushe ya tashi?"

"Ya kai rabin hanya yanzu. Me za a iya yi?"

"Ka bar mini layi, yallaɓai. Ka yi addu'a."

Rabin tafiyar jirgi, shi ne duk abin da ya rage mana. Tafiyar da muke yi wa dariya saboda gajartarta, ranar na so a ce ta kai tawa tsawo.

Injiniya ya ce ba sai mun cike ramin duka ba. Faɗin ƙafafun jirgi da ɗan ƙari a tsakiyar fili ya isa, in Kyaftin ya saita. Ga tulin burjin da masu hanya suka bari. Ga duwatsu a gindin wani tsauni da ke kusa. Hannu ne babu. Mu uku ne, ɗaya tsoho.

Baba Isyaku ya ce, "Kai ni wurin mai unguwa."

Ƙauyen yana nan kusa da filin. Muka sami mai unguwa a ƙofar masallaci. Baba ya sauka, na ga ya durƙusa zai fara gaisuwa. Na leƙo ta taga na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce mu, gaisuwa sai an jima. Jirgin feshi yana sama, filin sauka ya yanke, in ba a cike ba matuƙin zai mutu."

Mai unguwa ya dube ni kamar na mare shi. Sai ya juya ya shiga masallaci, ya karɓi lasifika a hannun ladan. Ya ce jirgin da ake jira ya taso, amma babu inda zai sa ƙafa. Ya ce duk mai amalanke, duk mai shebur, duk mai kwano, ya bar abin da yake yi ya nufi filin jirgi yanzu.

Mutanen nan sun yi kwanaki suna ihu a gona har muryoyinsu sun dushe, suna kallon abincin shekara yana tafiya a bakin tsuntsu. Ba a sake faɗa musu ba. Kafin in juya mota, amalanken farko ya riga ni fita.

Injiniya ya raba aiki. Manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a kai, sannan burji. Masu amalanke suna kai da kawo daga tsauni. Maza sun yi layi daga tulin burji zuwa rami suna miƙa kwano hannu da hannu. Tsofaffin mata suka zo da taɓarensu. Wata mai suna Inna Dije ce a gabansu. Ta leƙa ramin, ta dubi Baba Isyaku.

"Isyaku, wai kai ka ce ruwa ya ɗan taɓa? Kai in ruwa ya tafi da ɗakinka sai ka ce leƙowa ya yi."

"Ke dai daka, Dije," in ji shi. "Bakinki ba zai cike rami ba."

"Da naka ya buɗe da wuri ai da ban bar tuwona a wuta ba."

Aka yi dariya, hannu bai tsaya ba. Ni ina ɗaukar dutse ina sauraron sama.

Da cikon ya kawo daidai da fili sai matan suka hau shi da taɓare kamar masu daɓen ɗaki. Ya yi kyau a ido. Amma ni na ja tifa, na san sabon ciko. Sama ta yi tauri, ciki fanko. Sai abu mai nauyi ya hau ya danne shi. Abu mai nauyi a wurin ɗaya ne, motata.

Na ce a ba ni hanya. Injiniya ya riƙe ƙofar mota.

"Sabo, in ta nutse fa? Ka toshe tsakiyar fili da ganguna cike da man jirgi. Wa zai fitar da ita?"

"A sauke gangunan?"

"Babu lokaci. Kuma in an sauke ba ta da nauyi."

"To in ban hau ba, Kyaftin ne zai gwada mana da jirgi."

Ya saki ƙofar. Ya juya ya yi wa mutane tsawa cewa duk mai taba ya kashe, kowa ya ja baya.

Na sa giya ɗaya na hau a hankali. Na ji ƙasa tana zama a ƙarƙashina, duwatsu suna ƙara. Na haye. Cikon ya lotsa kamar tafin hannu. Aka zuba burji, aka daka. Na dawo da baya, na haye. Aka ƙara. A hawa na gaba ne tayar baya ta hagu ta sami wani wuri da dutse bai zauna ba. Mota ta karkata, gangunan suka bugi juna, ta tsaya. Na ba ta wuta kaɗan, taya ta juya a banza. Na ɗaga ƙafa, don in na matsa sai ta haƙa wa kanta kabari.

A daidai nan oba-oba ta yi ƙara a gabana.

"Filin Burji, Filin Burji, Yohanna ne. Ina hango tsaunin Birnin Kudu. Malam Sabo, yaya fili?"

Wallahi bakina ya buɗe zai ce lafiya lau. Ina zaune a motar da ta nutse a tsakiyar fili, da mai a bayana, harshena ya ɗauko lafiya lau da kansa. Haka aka raine mu. Na cije shi.

"Ba lafiya, Kyaftin. Ruwa ya yanka fili a tsakiya. Mun cike wajen faɗin mota biyu. Motata ta maƙale a kan cikon. Ka wuce Kano."

Da ya amsa, muryarsa ba ta canja ba.

"Kano ba ta cikin lissafi. Na zagaye hadari a hanya, ya cinye mini rarar. Zan iya shawagi a kanku, amma ba da yawa ba. Ka fitar da motar."

"Za ta fita."

"Na ji ka."

Ina da sarƙa a mota tun zamanin tifa. Aka kwance shanu daga amalanke aka jera su, aka ɗaura. Maza suka sa kafaɗa a baya da gefen da ya karkata. Aka cusa duwatsu da karan dawa a gaban tayar. Jirgin ya bayyana ta arewa, ya zo ya wuce ta kanmu, shanu suka firgita suka so su watse. Masu su suka riƙe igiyar hanci suna kiran sunayensu. Mai unguwa da kansa ya tuɓe babbar riga ya shiga cikin masu turi.

Na ce in na yi ham kowa ya ba da ƙarfi. Na yi ham. Shanu suka ja, mutane suka yi kabbara, na saki kuloci a hankali. Ta yi kamar ba za ta tashi ba. Sai ta tashi.

Kafin in tsaya an riga an faɗa ramin da tayar ta bari. Dutse, dutse, burji, taɓarya. Injiniya ya sa aka jera fararen buhunan taki a gefe biyu na cikon, aka danne su da duwatsu, don Kyaftin ya ga ƙofar da zai bi. Baba Isyaku ya tara ɗanyen ganye can nesa da mota ya kunna, hayaƙi ya nuna iska.

Kyaftin ya sauko ƙasa ƙasa ya bi tsawon filin yana dubawa, ya sake hawa.

"Na ga buhunan. Malam Sabo, ka hau wurin bayan gyaran nan na ƙarshe?"

"Ban hau ba."

"Hau ina kallo. Da gudu, ba a hankali ba."

Injiniya ya dube ni. Kyaftin ya yi gaskiya, ƙa'idar ke nan, mota ce ke riga jirgi. Na koma baya na ba da tazara, na taho da gudu, na saita tsakanin buhunan. Na ce bismillah. Mota ta yi tsalle ɗaya, gangunan suka amsa, na sami kaina a ɗaya gefen. Na dubi madubi. Cikon yana nan.

"Ta wuce, Kyaftin. Akwai ɗan tudu, za ka ji shi. Ka fi karkata dama, hagu ce mai rauni."

"Na gani. Kwashe mutane. Sau ɗaya zan gwada."

Na kai motar can ƙarshen gona na kashe. Mai unguwa ya kori kowa zuwa cikin gero. Wurin da ya cika da hayaniya ya yi tsit, sai kukan tsuntsaye da ƙarar injin.

Kyaftin ya zo daga yamma, iska a fuskarsa. Ya sa ƙafa a farkon fili, bai bar ko taku ɗaya a baya ba. Jar ƙura ta tashi. Yana tahowa yana rage gudu, amma da sauran gudu ya iso buhunan. Ya shiga tsakaninsu daidai, ya ɗan fi kusa da na dama. Jirgin ya daki tudun ya yi sama kaɗan, fiffiken hagu ya sunkuya har na ce ya taɓa ƙasa. Bai taɓa ba. Ya miƙe, ya gangara, ya tsaya da sauran fili a gabansa. Farfela ta yi juyi biyu ta mutu.

Mata suka rangaɗa guɗa. Inna Dije ta zauna a ƙasa ta rungume taɓaryarta.

Kyaftin ya buɗe murfi ya sauko. Rigarsa ta jiƙe kamar an tsamo shi daga rafi. Ya durƙusa a gindin fiffike ya sunkuyar da kai, muka ba shi wuri har ya gama addu'arsa. Injiniya ya hau ya sa sanda a tankin mai, ya zaro, ya duba, ya mayar. Bai nuna wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kyaftin ya taka har wurin cikon, ya tsaya a kai, ya buga ƙafa. Ya bi mutane yana ba su hannu, har masu shanu. Da ya zo kaina ya ce, "Da ka ce mini lafiya lau, da na sauko kai tsaye."

Na ce, "Saura kaɗan in ce."

Ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ɗauka wasa nake.

Ranar ba a yi feshi ba, kafin mu natsu rana ta faɗi. Mai unguwa ya aiko mana da tuwo. Kafin in ci na je ƙofar gidansa na durƙusa na yi gaisuwar da na yanke ɗazu, tun daga farko, da iyali da gona da gajiya. Ya amsa duka. Sannan ya ce, "Yanzu ka zama mutum."

Washegari da hantsi Malam Nasiru ya iso a ƙaramar mota, a hanya ya kwana. Bai tsaya wurinmu ba, rumfar Baba Isyaku ya nufa. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Muna jin su.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Yaya iyali?"

"Lafiya lau."

"Yaya fili?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Malam Nasiru ya gyara zama. Ya naɗe hannu yana jira. Tsohon yana kallonsa. Can Malam Nasiru ya ce, "Sai dai me, Baba?"

"Sai dai kana da saurin kashe waya, ɗana."

"Na karɓa, Baba."

Da yammar nan Kyaftin ya tashi daga Filin Burji ya bi fadamar Zandam, washegari ya bi ta Kwandiko. Abin da tsuntsu ya ci ya riga ya ci. Abin da ya rage an girbe shi. Kafin mu bar wurin an buɗe kwalbatin an cike ramin gaba ɗaya.

Ba a kori kowa ba. Malam Nasiru ya rubuta wa kamfani abin da ya faru da hannunsa, bai ɗora wa tsohon ba. Daga ranar ƙa'ida ta zama biyu. Ta farko tana nan: jirgi ba ya ɗagawa sai mota ta taka fili, ko wa ya yi kuka a waya. Ta biyu ita ce wadda kuke yi wa dariya. Duk wanda ya kira fili zai yi gaisuwa ya gama, a amsa masa lafiya lau yadda aka saba. Sannan ya ce, "Na gama gaisuwa. Sai dai me?" Ba ya kashe waya sai an ce masa babu sai dai.

Abin da na koya ke nan. Jirgi yana cinye tafiyar yini a awa ɗaya, amma mutanen da ke jiransa a ƙasa ba su canja yadda suke magana ba, kuma ba za su canja don jirgi ba. Mutumin ƙauye ba zai ɓoye maka rami ba. Ba zai dai sa shi a gaban gaisuwa ba. In ka ba shi lokaci zai faɗa, in ramin ya fi ƙarfinka ya kawo shanunsa da matan gidansa su cike maka. Kai kuma da ke riƙe da oba-oba, ranar da mai jirgi ya tambaye ka yaya fili, ba gaishe ka yake yi ba. Ka haɗiye lafiya lau ka faɗi abin da idonka ya gani.

Baba Isyaku ya rasu, Allah ya jiƙansa. Zuwana na ƙarshe na same shi a kwance, ba ya iya tashi. Na ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Lafiya lau." Na gyara zama na jira sauran.